Asalin Sunan Gidan Kiraɗaya

Ka yi ta yawo daga Katsina har Haɗeja, ka gangara Zazzau ka haura Damagaram, da wuya ka haɗu da mutum biyu masu amsa sunan Kiraɗaya. Ni dai a iya yawona, kuma Allah ya sani ƙafata ba ta san zama ba, na ga wani baduku a kasuwar ƙauye, na ga wata ungozoma, sai wani direban babbar mota da ya kusa take ni. Ƙarancinsu ba annoba ce ta jawo ba, ba kuma rashin haihuwa ba. A gidan, ɗan fari kaɗai ke gadon sunan, mace ko namiji, ƙannensa kuwa su ɗauki sunan uba kamar kowa. Masu surutu na cewa wai kakansu wani malalacin ladan ne da ke kiran salla sau ɗaya a yini. Ƙarya suke yi, Allah ya shirye su. Daga mace sunan ya fito, wata tsohuwa Yalwa ta ƙauyen Gangaren Kanya, kuma ga yadda aka yi.

Yalwa ta haihu da yawa, amma duk suka koma tun suna ƙanana, ɗan farin kaɗai ya zauna. Mijinta ma ya rasu ya bar ta da shi. Kun dai san alkunya: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai har wata ta ɗauke shi. To, ta Yalwa ta wuce ta kowa. Mata da dama in sun shiga ɗaki sukan saki jiki su raɗa sunan a kunnen ɗansu. Ita ko a mafarki ba ta yarda ba. "Kai wannan," shi ne kiransa. In ta yi fushi kuwa, kuma ba ta da wuyar fushi, sai ya koma "Kai shashashan nan." Haka har ya yi gemu, ya yi aure, matarsa Tabawa ta sami ciki. Tun da uwarsa ba ta faɗi sunansa ba, ni ma ba zan riga ta ba, sai ku yi haƙuri da ni.

Wata rana da rani, rana ta take tsaka, yana lambunsa na albasa a fadama yana ban ruwa da jigo, sai ya ji an kira sunansa daga can inda ƙasa ke rawa don zafi. Muryar uwarsa ce, tas, ba ko tantama.

Kowane yaro a ƙasar nan ya san ba a amsa kiran da ba a ga mai yinsa ba, balle da tsakar rana, lokacin da mutanen ɓoye ke fitowa shan iska. Kuma shi ya fi kowa sanin uwarsa ba ta kiran sunansa. Amma ai shi ya sa ya amsa. Mutum ya girma yana jin sunansa a bakin kowa, har akuya ma kamar ta faɗa, ban da bakin da ya fi so ya ji. Maƙwabcinsa na lambu, wani dattijo Tunau, ya ga ya saki guga, ya ji ya ce, "Na'am, Inna!" da murya irin ta ƙaramin yaro. Ya miƙe ya nufi kawalwalniya, wannan farin ruwan ƙarya da ke kwance a nesa in rana ta yi zafi. Tunau na ƙwala masa kira, ko waiwaye. Ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai ƙirji, ya rufe kansa.

Mazan gari suka bi, wasu a ƙasa wasu a kan jakuna. Suna matsawa kawalwalniya na ja da baya, har la'asar ta yi ta ɓace, suka dawo da ƙishirwa. Tabawa ta yi ta birgima da tsohon cikinta. Mata suka cika gida suna ba Yalwa haƙuri, ita kuwa ko gezau, tana ta kaɗa miya. "Ai ya san hanyar gida," in ji ta. Wasu suka ce kai, wannan tsohuwa da dutse aka yi zuciyarta. Ba su san ta ciki na ciki ba. Kashegari da rana ta take, kowa ya shige inuwa, ta ɗauki mayafinta ta fita ta ƙofar baya.

Ita ma da farko bin abin ta yi, yana gudunta, har ƙafafunta suka yi bororo. Sai ta tsaya ta yi tsaki. "Ashe kai ma kunya gare ka," ta ce. "Ba ka son a zuba maka ido." Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai kamar mai wucewa gaban suruki, ta yi sallama a hankali ta ci gaba da tafiya. Ba ta yi nisa ba sai ta ji sanyi ya taɓa mata idon sawu.

Da ta ɗaga kai sai ga ta a bakin wani tafki da ba a ganin ƙarshensa. Ruwansa fari ne, ba ya jiƙa mutum. A ƙarƙashinsa akwai wata sama da nata gizagizan, kifaye na shawagi a ciki kamar shirwa. A gaɓa ga wata ƙwarya mai girman ɗaki tana lilo, a gefenta wani zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, tsawonsa ya kai giginya. Ya sauko da dogon wuyansa har bakinsa ya kusa taɓa goshinta.

"Ya ke 'yar Adam mai tafiya kai a sunkuye," in ji zalɓe, "wace iska ta jefo ki Tafkin Ƙishirwa?"

"Ranka ya daɗe, wani yaro na gidanmu nake nema."

"Duk wanda ke hayin can yaron wani gida ne. Wane ne shi a gare ki?"

"Wanda ya shigo jiya. Dogo ne, yana da tabon ƙuna a hannun hagu."

"Ban tambaye ki hannunsa ba, ya ke tsohuwa. Faɗi sunansa in haye da ke kyauta. In kin ƙi, ladan fitona shi ne yawun bakinki, duka."

Kai jama'a! Kalma ɗaya fa, ba kowa a wurin sai tsuntsu. Amma taurin kai irin na tsofaffinmu ba a magana. Yalwa ta buɗe baki, sunan ya taso har maƙogwaro, ta haɗiye shi kamar yadda ta saba. Ta ce, "Ɗauki yawun." Zalɓe ya girgiza kai, ya kaɗa fiffike sau ɗaya a fuskarta, nan take harshenta ya bushe kamar tsohuwar fata. Ta shiga ƙwarya, ya tura ta da baki, ta yi ta juyi a kan ruwa har ta manta ina ne gabas.

Ƙwarya ta ajiye ta a ƙofar wani birni wanda ganuwarsa ke kaɗawa kamar zanen da aka shanya. Tana shiga sai kasuwa. Ba hatsi, ba gishiri, ba dabba. Goruna ne kawai jere a rumfuna, manya da ƙanana, kowanne an toshe bakinsa da tsumma. Mutanen birnin dogaye ne farare fat, ana hango rumfa ta cikin jikinsu. In ɗayansu ya ɗauki gora sai ya zare tsumma ya kara a kunne, ya lumshe ido yana rangaji kamar wanda ya sha fura mai sanyi.

Wata aljana mai rumfa, gashinta na jan ƙasa, ta yafuto ta. "Maraba da baƙuwa. Nan ce Kasuwar Haɗiye. Duk maganar da ɗan Adam ya kawo bakinsa ya mayar ciki, nan take faɗowa. Ga ban haƙurin da girman kai ya hana, ga gaisuwar 'yan'uwan da suka yi gaba, ga ina-sonki na samari matsorata. Ke kuma ga naki, na ajiye miki tun tuni." Ta miƙo mata wani tsohon gora da hayaƙi ya dafe.

Yalwa ta zare tsumma. Wayyo Allah! Muryar marigayi mijinta ce, mutumin da ya yi zamansa da ita ba ya wuce "kawo ruwa" da "rufe ƙofa."

"Yalwa, tuwon nan ya yi daɗi."

"Yalwa, zanen nan ya karɓe ki."

Sai kuma wata can ƙasa-ƙasa, ta ranar da suka binne 'yar autarsu: "Yalwa, zo ki yi kukan a nan jikina, ba mai gani."

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ta yi ta sauraro, wata na bin wata, ba ta san tsawon zaman da ta yi ba. Daɗi ya ratsa ta har ɓargo, ta ji ba abin da take so a duniya sai ta zauna nan har abada. Can ta duba hannun da ke riƙe da goran, sai ta hango ƙasa ta cikin tafinta. Ta fara zama irinsu. Ta yi wuf ta mayar da tsumma ta danna da ƙarfi.

"Malam," ta ce da busasshiyar murya, "kana da rai ka haɗiye, yanzu kuma sai ka riƙe abinka. Allah ya jiƙanka, ina da aiki a gabana." Ta ajiye goran ta tashi. Amma daga nan ta daina jin haushin yaron da ya amsa kira, don ta ɗanɗana abin da ya ja shi.

Aljanar ta nuna mata hanyar fada da leɓe. Zaure bayan zaure ta yi ta ratsawa, kowanne na maimaita takunta, har ta ji kamar mata ɗari ne ke tafiya tare da ita. Ta fita wani fili mai faɗi. A tsakiyarsa ga itacen kanya mai ganyen azurfa, a gindinsa ga ɗanta zaune a kan buzu, gora a kunne, yana murmushi irin na jariri da ya ƙoshi. A hagunsa tulin gorunan da aka buɗe ya fi shi tsawo. A damansa 'yan kaɗan suka rage. Ana hango gindin kanyar ta cikin ƙirjinsa.

Bisa wata karaga ta farin yashi sarauniyar birnin na kishingiɗe, Magajiya Amsa-Kuwwa. Ba ta da muryar kanta. In za ta yi magana, kalma ɗaya ta fito da muryar yaro, ta biye da ta tsoho, ta uku da ta amarya.

"Lale da Yalwa ta Gangaren Kanya," in ji ta. "Ke ce kika fi kowa cika mana rumbu, ga shi sai yau muka ga fuskarki."

Yalwa ta durƙusa. "Allah ya ja zamaninki. Na zo ki mayar mini da abin da kika sata, muryata da kuma wancan na zaune."

"Sata? Tir da wannan magana a fadata. Ban taɓa ɗaukar abin da mai shi ke so ba. Abin da kika yar na tsinta. Saurara ki ji ko da ƙage a ciki."

Ta ɗaga yatsa, gorunan da aka buɗe suka yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Yalwa ta gane su duka. Ga na ranar da ya rarrafa ya nufi murhu, sunan ya zo mata baki ta danne saboda uwar mijinta na tsakar gida, har wuta ta lashe masa hannu. Ga na lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi, tana bayan ɗaki tana leƙe ta huda. Ga na ranar kaciyarsa. Ga na ranar aurensa, yana wucewa cikin sabuwar riga tana yi kamar tana tsintar wake.

"Tun jiya yake shan rabonsa," in ji Magajiya. "Da zarar goran ƙarshe ya ƙare, ya zama namu, ko ke kika gan shi ba za ki iya taɓa shi ba. Amma ba a zalunci a ƙasata. Kira ɗaya na ba ki. Ki kira shi da sunansa na yanka, da bakinki, a bainar jama'a. Ni kuma in buɗe masa gora a lokaci guda. In ya juyo gare ki, ku tafi. In ya zaɓi gora, ku zauna ku biyu, akwai buzu."

Kafin ta rufe baki filin ya cika. Mutanen birni suka yi sahu-sahu. Ba su kaɗai ba, sai ga fuskokin mutanen Gangaren Kanya sun bayyana a jikin ganuwa kamar a cikin ruwan randa: liman, mai gari, dangin marigayi mijinta, iyayen Tabawa, har da matan da take yi wa gorin rashin kunya a bakin rijiya. Duk ido a kanta.

Magajiya ta sa aka ɗauko wani ɗan ƙaramin gora daga cikin 'yan kaɗan da suka rage. "Wannan na ranar suna ne," ta ce. "Lokacin da aka raɗa masa suna a zaure, aka aiko aka faɗa miki, kika maimaita a zuci kina kallon fuskarsa. Ba mu da wanda ya kai shi zaƙi." Aka zare tsumma. Muryar yarinya mai jego ta fito, mai taushi, cike da so, filin duka ya yi rangaji. Ɗan ya rungume goran da hannu biyu.

Yalwa ta buɗe baki. Ba komai. Zalɓe ya kwashe yawun, 'yar maganar da ta yi da ƙyar ta ƙarasa busar da bakin, harshe ya manne da ganɗa. Ta yunƙura, iska kawai ta fito. Ta dubi ɗanta, ta ga har gemunsa ya fara zama hayaƙi. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, tsoron komawa gida ita kaɗai. Sai hawayen da ta hana kanta a gaban mutane tun tana amarya suka ɓalle. Ba ta share ba, ba ta ja mayafi ba. Ta bar su suka gangaro har leɓe, a gaban liman da surukai da kowa, ta lashe, ta jiƙa harshe da su. Ta cika ƙirji.

"Ɗayyabu!"

Wallahi ba daɗin ji. Kamar an ja tsohuwar ƙofar langa-langa. Ɗayyabu ya ɗan motsa kafaɗa, kansa ya fara juyowa, sai muryar cikin gora ta sake kiransa da laushi, ya koma ya lumshe ido. Magajiya ta yi murmushi, ta ce a shimfiɗa buzu na biyu.

Ai kuwa nan ran tsohuwa ya ɓaci. Ta miƙe tsaye, ta ɗaure mayafi a ƙugu.

"Kai shashashan nan, da kai nake! Ka bar albasa na bushewa, ka bar yarinyar mutane da ciki haihuwa yau ko gobe, ka zo ka miƙe ƙafa kana sauraren gora kamar wani maye! Ƙaton banza mai gemu! Za ka tashi ko sai na zo nan?"

Duk gorunan birnin nan ba wanda ya taɓa yi masa faɗa. Ɗayyabu ya zabura ya yar da gora, ya miƙe har yana tuntuɓe da buzu, ya cire hula. "Na'am, Inna! Ga ni, Inna!" Jini ya dawo masa jiki, inuwarsa ta faɗi a ƙasa baƙa wuluk.

"Tsaya, 'yar Adam," in ji Magajiya da muryoyi goma. "Kira ɗaya muka yi da ke."

"Allah ya ja zamaninki, ɗaya na yi. Sauran faɗa ne, shi kuwa ba ki yanka mini iyaka ba."

Wani daga cikin fadawa ya tuntsire da dariya, zaure ya amsa, ganuwa ta amsa, har ita Magajiya ta kasa riƙewa. Birnin duka ya kama girgiza da dariya yana narkewa. Abin da suka ji na ƙarshe shi ne muryarta daga nesa: "Ku sauka lafiya. Amma ki sani, Yalwa, abin da kika haɗiye nan gaba ma nawa ne."

Suka tsinci kansu a fadama kusa da jigo, albasa ta yi yaushi amma ba ta mutu ba. Mutanen gari kuwa ga su nan sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, don ashe kiran nan har cikin ɗakuna aka ji shi, kaji ma sai da suka watse. Tunau ya riƙe baki ya ce, "Kira ɗaya tak, ta dawo da mutum daga inda ba a dawowa!" Shi ke nan sunan Kiraɗaya ya bi Ɗayyabu, ya bi 'yar farin da Tabawa ta haifa a makon. Yalwa kuwa kunya ta hana ta zuwa rijiya har damina ta faɗi, kuma tun a hanyar gida ta koma "kai wannan."

Shekaru suka shuɗe, tsufa ya kwantar da ita. Wata safiya Ɗayyabu, shi ma furfura ta fito masa, yana zaune a bakin gadonta yana mata fifita, ya ce, "Inna, don Allah ki ƙara ko sau ɗaya."

Ta buɗe ido ɗaya ta harare shi. "Ji mini marar kunya. Wanda na yi ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba, Inna. Yana nan."

"To, ka riƙa tattalinsa."

Ta juya fuska bango. Ya ga leɓenta na motsi, ya yi maza ya kai kunne, bai ji komai ba. Kafin azahar, Yalwa ta cika.

Bayan an share makoki ya koma lambu. Rana ta take, ƙasa ta fara rawa a nesa. Sai ya ji shi, daga cikin farin ruwan nan: sunansa, da muryar tsohuwa mai rauni, wanda ta haɗiye a kan gado. Ba faɗa a ciki ko kaɗan. Guga ya suɓuce daga hannunsa. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta, ya rungume sandar jigo da hannu biyu ya riƙe gam. Aka sake kira, aka kuma sakewa. Ya ciji leɓe har jini ya fito, hawaye na bin gemunsa, yana jin kowane kira har tsakiyar ransa, amma bai ce na'am ba. Tsohuwar da ta taka wannan tafiya ba takalmi don ta dawo da shi, ba zai mayar mata da wahalarta banza ba.

Haka ya tsaya har rana ta karkata, muryar ta gaji ta yi shiru. Ya share fuska da hannun riga, ya jawo guga daga rijiya, ya ci gaba da ban ruwa.